Labaran bayan rushewar duniya: wa ke ɗebo ruwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kusan shekara biyu ke nan na kamu da son labaran nan na Turawa da ake nuna duniya ta rushe, ko da annoba, ko yaƙin nukiliya, ko wuta ta ɗauke gaba ɗaya, 'yan tsirarun da suka rage suna fafutukar tsira da rai. Wani in na ɗauka ba na ajiyewa sai asuba, amma da yawa in na gama sai in ji kamar rogo na ci ba ƙuli. Ina son in gwada rubuta irinsa. Ina ƙarfin wannan nau'in labari yake, ina kuma rauninsa?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai. Rogon nan da kika ce ba ƙuli na san shi, na ci har ya shaƙe ni. Na daɗe ina koyar da adabi, ina kuma duba rubutun masu tasowa, kuma duk lokacin da na buɗe littafi irin wannan akwai tambaya ɗaya da nake riƙe da ita: wa ke ɗebo ruwa? In na kai shafi na 50 ban ga wanda ya ɗauki bokiti ba, ban ji inda ake zagayawa ba, amma an riga an gaya mini sunan bindiga uku da yawan harsashin kowacce, to na san irin tafiyar da za mu yi da marubucin. Zan dawo kan ruwan.

Mu fara rarrabe aya da tsakuwa, don na ga ana rikita su. Waɗannan ba labaran tashin alƙiyama ba ne. Ranar alƙiyama ba wanda zai saura yana neman garin tuwo. Abin da suke zanawa shi ne rushewar tsarin zama: gwamnati, kasuwa, lantarki, asibiti, 'yan sanda, duk su tafi, mutane kaɗan su rage su ci gaba da jin yunwa. Ya fi kama da washegarin Ɗufana, ranar da jirgi ya tsaya aka fito aka tarar ba gari ba gona. Sannan iri biyu aka zuba a tukunya ɗaya: labarin tsira, wanda tafiyar hawainiya gare shi, da labarin tsinka zuciya, wanda ba ya bari a numfasa. Daɗin nau'in daga wannan haɗin yake fitowa, cutarsa ma daga nan.

Ba jiya aka fara ba. Mary Shelley ta Ingila ta fitar da The Last Man a 1826, labarin annobar da ta cinye 'yan Adam ta bar mutum guda. Masu sharhi na lokacin suka yi masa kaca-kaca, ya kwanta sai wajen 1965 aka sake tono shi. Abin da ya hura wa nau'in wuta shi ne 6 ga Agustan 1945, ranar da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Daga ranar mutane suka gane cewa wani ma'aikaci a ofis zai iya danna maɓalli ya shafe birni. Tun daga nan kowane zamani yake zuba nasa tsoron a wannan ƙwarya: lokacin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat nukiliya ce, daga baya cututtuka da gawarwaki masu tafiya, yanzu kuma sauyin yanayi da ɗaukewar lantarki. In kina son sanin abin da ke hana mutanen wata ƙasa barci a wata shekara, duba yadda marubutanta suka kashe duniya a shekarar.

Babban ƙarfinsa, ba ya bukatar doguwar shimfiɗa kafin mai karatu ya damu. A labarin soyayya sai kin gina gida biyu, kin nuna dalilin da ya sa Alhaji ya ƙi yaron, kin kawo kishiya ko ƙanwar uba, kafin zuciyar mai karatu ta fara bugawa. A nan kuwa yaro yana tari, dare ya yi, ashana ta rage ƙwaya uku. Shi ke nan, kin kama shi. Abin da ba a kallo sau biyu a rayuwar yau da kullum, gwangwanin kifi, takalmi mai lafiya, allura da zare, sai ya zama dukiyar da ake kwana a kanta. Cormac McCarthy ya tatse wannan dabara har ƙarshe a The Road na 2006, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2007: uba da ɗa, ko suna bai ba su ba, suna tura keken sayayya na kanti cikin toka suna neman kudu, kuma bai taɓa tsayawa ya bayyana abin da ya ƙone duniyar ba. Wasu suna ɗaukar wannan ɓoyewar a matsayin gazawa. Ni a ganina nan ya fi gwaninta, domin wanda gobara ta cinye gidansa ba lacca yake nema a kan yadda wuta ke kamawa ba.

Abin da na fi girmama nau'in a kansa kuwa, yana yaye rufi ya nuna mana azarar da ke ɗauke da ɗakin. George Stewart, a Earth Abides na 1949, ya bar fitilun gari suna ci bayan masu kula da su sun mutu, har wata rana suka dushe. Ya bar famfo yana zuba shekara da shekaru, mutanensa suna sha ba wanda ya tambayi daga ina yake zuwa, har ranar da aka murɗa aka ji shiru. Wannan shirun ya fi kowace musayar wuta ban tsoro. William Forstchen kuma, a One Second After na 2009, ya ɗauke lantarkin Amurka cikin daƙiƙa ɗaya. Littafin yana da aibi, zan zo kansa, amma akwai wuri guda da ya daki gaskiya: 'yar jarumin tana da ciwon suga irin na yara, ranta yana rataye da insulin, insulin kuwa ba ya son zafi kuma ba a haɗa shi a tsakar gida. Ba mugu ko ɗaya a wannan lissafin. Firji ne ya daina aiki, motar kaya ta daina zuwa, uba yana kallon kwalabe suna raguwa.

Na san mai karatu a Kano ko Damagaram zai yi dariya ya ce, don wuta ta ɗauke shi ne duniya ta tashi? Dariyar tana da hujja, amma kada ta yi yawa. Ki tuna farkon 2023 a Najeriya, da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo: hatsi yana nan a kasuwa, mai saye yana da kuɗi a asusu, amma kwano ɗaya ya gagara. Takarda ce kawai ta yi wuya. To ɗora a kan haka dizal ɗin injin niƙa da na rijiyar burtsatse, da takin zamani, wanda masana ke ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da abincin da aka noma da shi suke rayuwa. Mu ma a rataye muke, igiyar ce dai ta bambanta.

Akwai kuma aikin da alƙaluma ba sa iyawa. A ce birni kaza zai ƙone da mutum kaza, kunne ya ji, zuciya ba ta ji ba. A Nuwamban 1983 tashar ABC ta Amurka ta nuna The Day After, fim a kan abin da zai sami wani yanki na Kansas bayan harin nukiliya. Mutum kimanin miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya, kuma Shugaba Ronald Reagan ya rubuta a kundinsa na yau da kullum cewa fim ɗin ya bar shi cikin baƙin ciki. Ba zan ce fim ne ya haifi yarjejeniyar rage makamai masu linzami da Reagan da shugaban Tarayyar Sobiyat, Gorbachev, suka sa wa hannu a 1987 ba, siyasa ba ta da uwa ɗaya, amma abin da rahotannin janar-janar suka faɗa da lamba, fim ɗin ya faɗa da fuskar mutum. Sannan ga jarrabawar da babu nau'in da ke shirya ta kamar wannan: kina da abincin kwana 10 na 'ya'yanki, maƙwabciya ta yi sallama da goyo a baya.

To a bakin wannan ƙofar yawancinsu suke faɗuwa. Amsar da suke bayarwa kusan kullum ɗaya ce: kada ki buɗe, in kin buɗe za a yanka ki. Kwana uku da ɗaukewar wuta likita ya zama ɗan fashi, wata uku malamin makaranta ya fara cin naman mutane, wanda zai tsira kuwa shi ne tsohon soja mai fushi, mai rumbun bindigogi, wanda bai yarda da kowa ba. Shi kansa Forstchen, bayan duk kyakkyawan lissafin insulin ɗin nan, sai da ya kawo gungun masu cin mutane suka auka wa garin. Ana sayar mana da wannan da sunan gaskiya mai ɗaci wadda masu taushin zuciya ba sa son ji. Alhali an yi bincike, kuma ba haka mutane suke yi ba. Tun 1963 aka kafa cibiyar nazarin bala'o'i a Jami'ar Jihar Ohio, wadda daga baya ta koma Jami'ar Delaware, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Enrico Quarantelli, ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin sawun girgizar ƙasa da ambaliya da gobara. Abin da suka yi ta tararwa shi ne, gudun hauka da tattake juna ba su da yawa, wawaso bai kai yadda ake yayatawa ba, kuma yawancin waɗanda ake cirowa daga ƙarƙashin ɓaraguzai, maƙwabta ne ke ciro su da hannu kafin jami'ai su iso.

Guguwar Katrina da ta auka wa Amurka a Agustan 2005 ta isa misali. Kafafen labarai suka cika da cewa a filin wasa na Superdome da ke New Orleans, inda dubban mutane suka fake, ana ta kisa, gawarwaki jibge. Da aka zo ƙirga, gawa shida aka samu a cikin ginin, kuma ba wadda aka tabbatar kisan kai ce. Waɗanda aka tabbatar sun harbi mutanen da ba makami a hannunsu su ne 'yan sanda a gadar Danziger, suka kashe biyu suka raunata huɗu. Wato jita-jitar cewa talakawa sun zama kuraye ita ta sa masu bindiga suka yi aikin kuraye. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan ƙarya a matsayin ƙaramin kuskuren adabi. Mutumin da ya karanta littafi 30 suna gaya masa maƙwabcinsa shi ne abokin gabarsa na gobe, ranar da ruwa ya ci gari, da abin da ya karanta zai fito.

Ga wani da nake yawan ba ɗalibaina. A 1965 wasu samari shida 'yan makaranta a ƙasar Tonga da ke tekun Pasifik suka ɗauki kwalekwalen da ba nasu ba, iska ta jefa su tsibirin 'Ata inda ba kowa. Wata 15 suka yi a can. Suka raba aiki bibbiyu, suka yi lambu, suka riƙe wuta ba su bar ta ta mutu ba, suna buɗe yini suna rufe shi da waƙa da addu'a. Da ɗaya ya karye a ƙafa, suka ɗora shi ya warke. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966, su shida da ransu. Ƙagaggen labarin William Golding na yaran da suka faɗa tsibiri suka koma farautar juna, ana koyar da shi a makarantu ƙasa-ƙasa. Na waɗannan yara na gaske kuwa sai a 2020 ya zagaya duniya.

Kada ki ce na mai da mutane mala'iku. Bala'in mako guda daban, yunwar shekara biyu daban, kuma yunwa tana cin kunya kafin ta ci jiki. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun yi wa birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyat ƙawanya kwana 872, daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944. A Nuwamban 1941 rabon burodin wanda ba ma'aikacin ƙarfi ba ya sauko zuwa giram 125 a rana. Fararen hula ɗaruruwan dubbai suka mutu. An yi satar katin rabo, an yi kisa a kansa, kuma an kama mutum kimanin 2,000 da laifin cin naman mutane. Amma a birni mai mutum wajen miliyan biyu da rabi fa. A birnin nan ne wasu ma'aikatan cibiyar adana iri suka mutu da yunwa suna gadin shinkafa da sauran hatsin da ba su taɓa ba, don kada irin ya salwanta. A birnin nan ne a Agustan 1942 makaɗan da ƙyar suke riƙe kayan kiɗansu suka hau dandamali suka yi wasa. Mugunta tana nan, amma a hankali take shigowa, ta hanyar ɓoye wa uwa loma, kuma masu yin ta ba su shafa fenti a fuska suna hawa babura ba. Wanda zai iya rubuta ɗan da ya ɓoye wa mahaifiyarsa loma, ya kwana yana jin tarinta, ba ya bukatar sarkin 'yan daba.

Me ya sa marubuta suke komawa ga sarkin 'yan daban? Rabin nau'in mai son gudu ne yake cinye rabin mai son gaskiya. Abin da ya fi kashe mutane in tsari ya rushe, ko a sansanin gudun hijira ko a shekarar fari, shi ne gudawa, kwalara, ƙyanda, zazzaɓi, rauni da ya ruɓe, haihuwar da ta zo da gardama. A lokacin yunwa ma, yawanci cuta ce ke ƙarasa wanda yunwa ta raunana. Amma kwalara ba ta da fuska, ba ta yin jawabi, ba a harbe ta a babi na ƙarshe. Ga ruwan da na ce zan dawo kansa: ƙa'idar masu aikin agaji ita ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Gida mai mutum takwas, jarka shida ke nan mai lita 20, kullum, ba Juma'a ba sallah. Wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san abin da nake faɗa. Gwarzo a irin wannan duniya shi ne wanda ya san a haƙa masai nesa da rijiya, da matar da ta san a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ana zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ba mai gudawa. Ruwan gishiri da sugan nan ya ceci rayuka miliyoyi, amma ban taɓa ganin an zana shi a bangon littafi ba.

Wasu kurakuran dariya kawai suke ba ni. Fetur yana fara lalacewa cikin watanni, in ya shekara ɗaya ko biyu a tanki ya zama abin tausayi, ga batir ga taya, amma sai ki ga shekara 10 bayan rushewa ana tsere da manyan motoci. Keke kuwa, wanda ba ya shan komai sai ƙwanjin mai shi, da jaki, wanda ya kai fatake Gwanja ya dawo da su, ba a ganinsu, saboda jarumi a kan jaki ba ya sayar da littafi. Ana mantawa da abubuwan da ba sa yarda a tafi a bar su: duniya tana da injinan nukiliya na samar da lantarki fiye da 400, kuma tashar nukiliya ta Fukushima a Japan ta nuna a Maris ɗin 2011 abin da ke biyo baya in sanyaya su ya tsaya. Shi kansa bugun da ake cewa zai kashe duk wani abu mai aiki da wuta, irin wanda ya ɗauke lantarki a littafin Forstchen, yana da tushe: gwajin nukiliyar da Amurka ta yi can sama a Yulin 1962 ya kashe fitilun titi kusan 300 a Hawaii, daga nisan fiye da kilomita 1,400, kuma wata guguwa da ta taso daga jikin rana ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa tara a Maris ɗin 1989. Daga nan zuwa a ce kowace mota da kowane agogo sun mutu lokaci guda, marubuci ne ya cike gurbin don ya huta.

A gona nake kama su dumu-dumu. Jarumi ya tsinci ƙunshin iri a wani shago, babi biyu gaba ana gasa masara. Babban mutum ɗaya yana bukatar hatsi kimanin kilo 200 a shekara, buhu biyu ke nan. Gero mai saurin nuna ma sai ya yi wajen wata uku, kuma sai damina ta zo, sai ta zauna. Kafin nan me za a ci? Wa zai tsaya a ƙofar rumbu ya hana a cinye irin alhali yara suna kuka? Wannan tambayar kaɗai ta isa littafi guda. Irin zamani na kamfani, in aka sake shuka 'ya'yansa, ba ya ba da abin da uwar ta bayar. Ga tsuntsu, ga fara, ga ƙwaro a ma'aji. Masu cewa za su shiga daji su yi farauta kuwa ba su lissafa cewa kowa ma dabarar da ya yi ke nan. Makonni kaɗan dajin zai zama ba ko ɓera.

Sai kuma wata cuta da ke ɓoye a ƙarƙashin duka. Mai karanta irin wannan labari ba ya taɓa ganin kansa cikin kashi 99 da suka mutu, kullum shi ne wanda ya tsira. Kuma duniyar da ya tsira a cikinta ba bashi, ba maigida a ofis, ba cunkoso, kantuna a buɗe, ya ɗauki abin da yake so. Marubucin Ingila Brian Aldiss ya yi wa irin wannan laƙabi a 1973, wanda in an juya shi zai ba da ma'anar masifa mai daɗin zama. Da zarar labari ya zama mafarkin mutum ɗaya na zama sarki a kango, sauran mutane sai su koma kayan aiki. Mata su zama ganimar da ake sacewa don jarumi ya sami dalilin fushi, alhali su ne masu ɗebo ruwan, masu dafa ganyen, masu karɓar haihuwar. Tsofaffi a kashe su a babi na farko don suna rage gudu, alhali su kaɗai suka san yadda ake rayuwa kafin a kawo famfo. Baƙo ya zama annoba. Wasu littattafan Amurka na shekarun 1960 da 1970 ba su ma ɓoye ba, baƙaƙen fata suka sa a gurbin masu cin mutane. Addini kuma kusan kullum a hannun wani mahaukacin mai wa'azi yake, mai tara matan mutane. Ba liman mai raba tsaba, ba coci mai dafa abinci, ba wanda ya damu ya yi wa gawa sutura. Mai karatu daga cikinmu nan take zai ji wannan giɓin, don ya san ko a tsakiyar annoba sai an sami masu haƙa kabari.

Ta fuskar gini, rabin farko kusan kullum ya fi na biyu. Rushewa tana da daɗin kallo. Gina masai da sasanta rikicin gona ba su da shi. In duniya ta gama faɗuwa marubuci ya rasa abin yi, sai ya kawo mugu, a kashe shi, a kawo wanda ya fi shi. Jerin littattafan da ake sayarwa ta intanet kashi-kashi sun fi kowa wannan ciwo, don kowane kashi dole ya ƙare a bakin rami a sayi na gaba. Nan ne rogonki ya rasa ƙuli.

Waɗanda suka tsallake sun tsallake ne don sun ɗauki jama'a da muhimmanci. Octavia Butler, a Parable of the Sower na 1993, ba ta tayar da bam ba. Labarinta ya fara a 2024 a gefen Los Angeles, inda abubuwa ke lalacewa sannu-sannu: ruwa ya fi fetur tsada, 'yan sanda sai an biya su, unguwa ta kewaye kanta da katanga. Jarumarta yarinya ce baƙar fata, a jakar gudunta akwai iri, kuma tana tafiya arewa tana tara baƙin da ta tsinta a hanya, don ta gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Emily St. John Mandel, a Station Eleven na 2014, ta tsallake shekarun zubar da jini ta sauka shekara 20 bayan annoba, tare da ayarin 'yan wasan kwaikwayo da makaɗa masu yawo gari-gari da dawakai. Ita ma dai ba ta kuɓuta daga mugun mai da'awar annabci ba, kuma shi ne wuri mafi rauni a littafin.

Tunda kin ce za ki rubuta, ki sani kina da abin da yawancin waɗannan marubuta suke ƙagawa daga ɗaki mai sanyi. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. Ina yaro a farin 1973, na ga makiyayan da suka sauko daga arewa ba ko akuya, na ga kuma zaurukan da aka buɗe musu da waɗanda aka rufe. An sake a 1984. Akwai mutanen Borno da garinsu ya tashi a dare ɗaya, akwai na Khartum tun Afrilun 2023. Wannan ya sa dole ki yi hattara, don abin da wani ke karantawa ya ji daɗi, maƙwabcinki ya taka shi da ƙafarsa. Amma ya ba ki ilimin yadda rushewa take tafiya a zahiri: ana fara rage tuwo zuwa sau ɗaya, a koma tafasa da yaɗiya da zogale, a sayar da akuya, sannan kwanukan aure, maza su tafi cin rani, gona ce ta ƙarshe. Kasuwa ba ta mutuwa, tsada take yi, kuma mai rumbu yana nan yana ba da bashin damma ɗaya a biya biyu da kaka. Kafin ki rubuta babi na farko, ki nemi tsohuwar da ta ga 1973 ki zauna da ita. Ki tambaye ta kwana nawa ake jiƙa anza ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, yaya ake sussuka ƙarangiya a fitar da tsabarta, wa ya fara haƙa gidan tururuwa a garinsu, kuma da aka sami abin da aka samu, wa aka fara zuba wa.